Tsakanin Ƙasa da Dandamali: Haɗarin Faɗowa daga Bishiya a Farautar Barewa a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba haɗarin faɗowa daga dandamalin da mafarautan barewa ke kafawa a kan bishiya a ƙasar Amurka. Ta dogara ne da rahotannin hukumomin lafiya da binciken asibitoci da aka wallafa tsakanin 1989 da 2010, da kuma ƙa'idojin kare ma'aikata daga faɗowa a wuraren gine-gine. Hujjar da take kafawa ita ce, kariyar da ke fara aiki sai bayan mafarauci ya zauna a dandamali kariya ce da ta makara, domin hawa da sauka da kafa dandamalin su ne lokutan da ya fi zama cikin haɗari. Ta kuma nuna cewa rashin ƙidaya wannan haɗari a hukumance yana daga cikin abin da ya sa ya daɗe bai sami kulawar da harbin bindiga ya samu ba.

1.0 Gabatarwa

Dabbar da ake magana a kanta ita ce barewa mai farin wutsiya, wadda ta fi kowace babbar dabba shan farauta a Amurka. A farkon ƙarni na 20 saura ƙiris ta ƙare, saboda farautar kasuwa da sare dazuzzuka. An ƙiyasta cewa abin da ya rage a lokacin bai wuce 500,000 ba. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, sannan dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. A yau ana ƙiyasta yawanta da kimanin miliyan 30. Binciken hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar na 2016 ya nuna akwai mafarauta miliyan 11.5, kuma kimanin miliyan 8 daga cikinsu barewa suke bi.

Me ke kai mutum kan bishiya? Barewa dabba ce mai ƙarfin jin ƙanshi da saurin ganin motsi. Wanda ya hau sama yana hango nesa, iska kan ɗauke warinsa ta saman dabbar, kuma harsashinsa ko kibiyarsa ƙasa take nufa idan ya kuskure. Ga mai kwari da baka, wanda dole sai dabba ta matso kusa, amfanin ya fi yawa. Shi ya sa daga shekarun 1970 zuwa yau kwanto a kan bishiya ya zama hanyar da aka fi bi a jihohin gabas da kudu da tsakiyar ƙasar. Akasari ana kafa dandamalin ne a tsayin ƙafa 15 zuwa 25, wato mita 4.5 zuwa 7.5. Mafarauci kan hau tun da asuba kafin gari ya waye, ya sauko bayan faɗuwar rana, a watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da raɓa ke daskarewa a kan ƙarfe.

2.0 Abin da alƙaluma suka nuna

A 1989 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoto kan jihar Jojiya. Daga 1979 zuwa 1989 an rubuta raunuka 594 da suka shafi farautar barewa a jihar. Daga ciki 214, wato kashi 36 cikin 100, suna da alaƙa da dandamalin bishiya, kuma mutum 17 daga cikinsu sun rasu. Wannan rahoto ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fito ne tun dandamalin kamfani bai gama yaɗuwa ba. Ke nan gargaɗin ya zo da wuri.

Bayan shekara ashirin sai ƙarin binciken asibitoci ya biyo baya. Wani nazari na jihar Fensilbeniya da ya fito a 2009 ya ƙidaya mutum 499 da aka kai manyan cibiyoyin jinyar rauni bayan faɗowa daga dandamali tsakanin 1987 da 2006, kuma adadin ya yi ta hauhawa a tsawon wannan lokaci. Masu bincike a Jami'ar Alabama da ke Barminham sun ƙiyasta raunuka 46,860 a faɗin ƙasar tsakanin 2000 da 2007, ta hanyar amfani da bayanan sassan gaggawa na asibitoci. Wanda ya fi jan hankali a ganina shi ne na likitocin Jami'ar Jihar Ohayo, da aka wallafa a 2010. Sun bi bayanan mafarauta 130 da aka kwantar cikin shekara goma. Rabinsu faɗowa suka yi, kuma kashi 92 cikin 100 na masu faɗowar daga dandamalin bishiya ne. Masu raunin bindiga kashi 29 ne. A cikin waɗanda suka faɗo, kashi 59 sun sami karaya a ƙashin baya.

Akwai wani abu a wannan bincike da ya kamata a ambata, domin yana rushe wani zato da ya yaɗu. Mutane da dama na ɗauka cewa giya ce ke jefo mafarauta daga bishiya. A cikin waɗannan marasa lafiya, waɗanda aka sami giya a jikinsu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Yawancin masu faɗowar nan mutane ne da ke cikin hayyacinsu. Wannan ya sa nake ganin kuskure ne a ɗora matsalar a kan ganganci kawai. Idan mai hankali da gogewa yana faɗowa, to a tsarin aikin ya kamata a nemi aibin.

3.0 Yadda ake faɗowa

Lissafin ba shi da wuya. Jikin da ya faɗo daga tsayin mita 6 yana isa ƙasa cikin kimanin daƙiƙa 1.1, da gudun kusan kilomita 39 a awa. Wannan lokaci bai isa mutum ya juya jikinsa ko ya cafki reshe ba. Wanda ya dira da ƙafa, ƙarfin bugun kan farfasa ƙashin diddige, ya bi ta ƙafa da ƙugu ya matse ƙashin baya, musamman wurin da ƙasusuwan bayan ƙirji suka haɗu da na ƙugu. Idan ɓaraguzan ƙashin suka taɓa laka, ƙafafu na iya shanyewa har abada. Wanda ya faɗi da kai ko wuya, sau da yawa ba ya kai asibiti.

Dandamali iri uku ne aka fi amfani da su, kuma kowanne da inda yake cin mutum. Akwai mai hawa da kansa, wanda ya kasu gida biyu: mazauni da matakin ƙafa, kowanne da haƙoran da ke cizon ɓawon bishiya da waya mai zagaye gangar bishiyar. Mafarauci yana ɗaga na sama, ya jawo na ƙasa da ƙafafunsa, haka har ya kai inda yake so. Idan ɓawon mai santsi ne ko ya jiƙe, haƙoran kan zame. Idan kuma ba a ɗaure gidajen biyu da juna ba, matakin ƙafa na iya sulalewa ƙasa ya bar mutum a sama ba wurin taka ƙafa. Akwai mai tsani, wanda jama'a ke ɗauka shi ne mafi aminci, kuma haka ne bayan an gama kafa shi. Amma kafin a ɗaure samansa da bishiya dole wani ya hau tsanin da ba abin da ke riƙe da shi sosai, shi ya sa kamfanoni ke cewa mutum uku ne za su kafa shi. Na uku shi ne wanda ake ratayawa da maɗauri ko sarƙa, a hau zuwa gare shi ta sandunan taki. A nan wurin haɗarin shi ne takun ƙarshe, lokacin da mutum ke barin sandar ya koma kan dandamali. Ƙa'ida ita ce sandunan su zarce dandamalin tsawo, domin mutum ya tako ƙasa zuwa tsakiyarsa maimakon ya yi ta jan jikinsa sama daga gefe.

Dandamalin katako da ake bugawa da ƙusa a gida ba ya buƙatar dogon bayani. Katako na ruɓewa, ƙusa na yin tsatsa, bishiya na kaɗawa da iska tana sassauta abin da aka buga mata. Hukumomin namun daji na jihohi suna gargaɗi a kansa.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, kaso mai yawa na faɗowa yana aukuwa ne lokacin da mutum ke motsi: yana hawa, yana sauka, yana ƙetarawa, ko yana kafawa da cirewa. A kan wannan ne sauran maƙalar ta ginu.

4.0 Ɗamara da igiya

An daɗe ana sayar wa mafarauta bel na ƙugu da maɗaurin ƙirji a matsayin kariya. Waɗannan kaya sun kashe mutane. Bel ɗin ƙugu yana tara dukkan ƙarfin fizgar a ciki da ƙashin baya, yana iya juya mutum kai ƙasa, ko ya zame sama ya shaƙe ƙirji har numfashi ya tsaya. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta haramta amfani da shi wajen tare faɗowa a aikin gini daga 1 ga Janairun 1998. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ɗamarar jiki duka, mai zagaye kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, wadda ke rarraba fizgar ta kuma riƙe mutum a tsaye. Ƙungiyar kamfanonin ƙera dandamali, TMA, wadda aka kafa a 1995, ta sa tun daga 2004 kowane dandamalin da ya cika ƙa'idarta ana sayar da shi tare da irin wannan ɗamara.

Wannan ci gaba ne na gaske, amma ya haifar da wani ruɗi. Mafarauci kan sa ɗamararsa a mota, ya je gindin bishiya, ya hau ƙafa 20 ba a haɗe da komai ba, sai ya zauna sannan ya maƙala igiyar bayansa a ganga. In ka tambaye shi zai ce yana amfani da ɗamara, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai ya bar kansa a sake a daidai lokacin da ya fi buƙatar riƙo, ya ɗaure kansa a lokacin da yake zaune lafiya. Ɗamarar da ba a haɗa ta da bishiya ba, riga ce kawai.

Maganin wannan yana nan, kuma ba shi da tsada. Ga dandamali mai tsani da wanda ake ratayawa, ana ɗaure igiya mai ƙarfi sama da mazaunin, a sako ta har gindin bishiya a ɗaure. A jikinta akwai ƙullin Furusik, wanda wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931. Ƙullin yana zamewa idan an tura shi da hannu, yana kuma cije igiyar nan take idan nauyi ya fizge shi. Mafarauci yana maƙala ɗamararsa a ƙullin tun ƙafarsa na ƙasa, ya riƙa tura shi sama yana hawa, ba ya cirewa sai ya dawo ƙasa. Ranar kafa dandamali, lokacin da igiyar ba ta riga ta hau ba, ana amfani da maɗauri irin na masu hawa turakun lantarki, wanda ke zagaye ganga ya haɗu da ɗamara a ƙugu ta gefe biyu, ya bar hannaye su yi aiki. Mai dandamalin da ke hawa da kansa kuwa yana ɗaura maɗaurin bishiya sama da kansa ya riƙa matsar da shi a kowane taku. Yana rage sauri, shi ya sa da yawa ke tsallake shi.

Wurin da aka ɗaura igiyar baya ma yana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ake yawan kuskure. Ana so ta kasance sama da kai, ba ta da sako-sako idan mutum na zaune. Da haka, in ya zame, faɗuwarsa ba za ta yi nisa ba, fizgar ba za ta yi tsanani ba, kuma dandamalin na kusa da zai iya komawa kansa. In an ɗaura ta ƙasa-ƙasa, mutum zai tsinci kansa yana reto a ƙarƙashin dandamali, inda ba ya iya hawa ba ya iya sauka.

Sauran ƙa'idojin hawa a bayyane suke. Gaɓoɓi uku su kasance a riƙe a kowane lokaci, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Ba a hawa da bindiga ko baka a hannu ko a rataye; ana cire harsashi, a ɗaure ta da igiyar jan kaya bakinta na kallon ƙasa, a jawo ta bayan an zauna an ɗaure.

4.1 Bayan ɗamara ta riƙe mutum

Wannan ɓangare shi ne wanda aka fi mantawa da shi a koyarwa, kuma ina ganin ya kamata a ba shi lokaci daidai da na sa ɗamarar kanta. Mutumin da ke rataye a tsaye ba motsi, maɗauran cinya suna matse jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, naman ƙwauri kuma ba ya aikin tura jini sama kamar yadda yake yi idan ana tafiya. Jini sai ya taru a ƙafafu, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, jiri da gumi da tashin zuciya su biyo baya, sannan suma. A ƙasa, wanda ya suma yana faɗuwa kwance, jini ya koma kai, ya farfaɗo. A cikin ɗamara ba ya samun wannan dama, domin tana riƙe da shi a tsaye. Sanarwar da OSHA ta fitar a 2004 ta ce irin wannan rataya na iya kai wa ga suma da mutuwa cikin ƙasa da minti 30.

Ma'aikacin gini yana da abokan aiki da tsarin ceto. Mafarauci shi kaɗai ne a daji, wataƙila ba wanda zai neme shi sai dare. Don haka dole ya zama shi ne mai ceton kansa na farko. Ɗamarar zamani tana zuwa da wani maɗauri da ake sakowa a taka da ƙafa, a miƙe a kansa domin a sauke matsin cinya. Wajibi ne ya kasance a jikin mutum inda hannu ke kaiwa, haka ma waya da usur, domin jakar da ke rataye a reshe ba ta da amfani ga wanda ke reto. In ba maɗaurin, sai a riƙa motsa ƙafafu ana tokarar ganga. Ya kamata kowane mafarauci ya gwada rataya a cikin ɗamararsa kusa da ƙasa, da wani a tsaye kusa, kafin lokacin farauta ya kama. Sannan ya bar wa iyalinsa bayanin ainihin wurin da dandamalinsa yake da lokacin da zai dawo. Ɗamarar da ta taɓa tare faɗowa ba a sake amfani da ita, kuma kowace tana da wa'adin aiki da iyakar nauyi, yawanci fam 300, kusan kilo 136, har da tufafi da kaya.

5.0 Bishiyar da kayan

Dandamalin da aka bari a daji shekara guda ba shi ne wanda aka kafa ba. Hasken rana yana cin zaren maɗauri, kurege na gwaguyarsa, ganga na ƙara kauri tana ja har ya tsinke ko ya nutse cikin ɓawo, wayar ƙarfe na yin tsatsa a ƙarƙashin robar da ta lulluɓe ta inda ido ba ya gani. Abin da ya dace shi ne a sauke shi a ƙarshen kowane lokacin farauta, a duba shi a ƙasa.

Ita ma bishiyar tana canzawa. A 2002 aka gano wani ƙwaro ɗan asalin Asiya kusa da birnin Ditiroit a jihar Mishigan, wanda tsutsarsa ke cin ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash. Ya bazu zuwa jihohi da dama ya kashe miliyoyin bishiyoyi. Ash miƙaƙƙiya ce, irin wadda masu dandamali ke so, kuma idan ta mutu tana saurin yin gautsi. A watan Nuwamba, da ganye ya zube, mai rai da matacciya kan yi kama a duhun asuba. Zaɓen bishiya aikin rana ne, kuma aikin lokacin da ganye ke kanta.

6.0 Doka, koyarwa da ƙidaya

Amurka ta yi nasarar rage harbin kuskure a farauta. Jihar Niyu Yok ta fara tilasta koyon ƙa'idojin farauta a 1949, sauran jihohi suka bi, mafi yawansu kuma suka wajabta sa tufa mai launin ruwan lemo mai haske a lokacin farautar bindiga. An cimma wannan ne saboda ana rubuta kowane harbi, ana bincikensa, ana gyara koyarwa da abin da aka gano. Faɗowa daga bishiya bai sami wannan gata ba. A jihohi da dama ma'anar haɗarin farauta a hukumance ta taƙaita ne ga abin da ya shafi tashin bindiga ko kibiya, don haka wanda ya karya baya a gindin bishiya ba ya shiga lissafi. Ita kanta Niyu Yok sai a 2017 ta fara bin diddigin irin wannan haɗari. Alƙaluman da aka kawo a sama ma na waɗanda suka isa asibiti ne ko aka kai rahotonsu.

Wasu jihohi, kamar Alabama, sun wajabta sa ɗamarar jiki duka a dazuzzukan farauta na gwamnati. Masu suka na cewa ba jami'in da zai iya zagaya gonakin mutane yana leƙa kan bishiya, kuma gaskiya ne, tunda kaso mai yawa na farautar barewa a gabashin ƙasar a filayen masu zaman kansu ake yin ta. Amma dokar tufa mai haske ma ba jami'ai kaɗai suka tabbatar da ita ba. Ta zauna ne saboda ta zama abin da uba ke koya wa ɗansa, abin da abokan farauta ke jin kunyar bari. Doka tana shata abin da al'umma ta ɗauka daidai ne, ko da ba a kama kowa ba. Sai dai lafazin dokar ya kamata ya gyaru: a ce a haɗe da bishiya daga barin ƙasa har dawowa, domin cewa a sa ɗamara kaɗai ya bar ƙofar da muka gani a buɗe.

Akwai kuma batun shekaru. Mafarautan Amurka suna tsufa, kuma da yawa na shan magungunan hawan jini ko na barci masu kawo jiri. Likitan da ke duba dattijo a watan Satumba a yankin da ake farauta yana da damar tambayarsa ko yana hawa bishiya, ya kuma ba shi shawarar yin kwanto a ƙasa cikin rumfar ɓuya, wadda ita ma ana samun barewa da ita.

Kuɗin wannan aiki yana nan, domin tun gyaran da aka yi wa dokar Pittman-Robertson a 1970 ake ware wani kaso don koyar da mafarauta. Kiran wannan maƙala ga hukumomin namun daji na jihohi shi ne su shigar da faɗowa cikin haɗuran da wajibi ne a kai rahotonsu, su haɗa kai da cibiyoyin jinyar rauni wajen tattara bayanan, kuma kada a ba sabon mafarauci shaidar kammala koyo sai ya hau da igiya, ya rataya a ɗamara, ya kuma kuɓutar da kansa a gaban malaminsa.